Notunan da Ba A Ɗaurewa

Ranar Juma'a da hantsi na shiga shagon Baba Kalilu rungume da rediyon mahaifina, na naɗe shi da zanin Mama kamar jinjiri. Yayana Terhide yana biye da ni, faratansa baƙi ƙirin da man babur, yana maimaita abin da yake faɗa tun daga gidanmu a Shabu: "Ni fa gyara na yi."

Da na buɗe baki a kan titin nan, da sai masu keke napep sun tsaya rabon faɗa.

Ba irin rediyon da ake ratayawa a kafaɗa ba ne. Akwati ne mai faɗi, fuskarsa farin ƙarfe, da dogon gilashi mai lambobi, da jar allura da ke tafiya a hankali cikin koren haske. Shi kaɗai ba ya magana, sai an haɗa shi da na'urar ƙara murya da manyan sifiku biyu. Babanmu, Ticha Aloysius, ya saye shi na hannu a shekarar da aikin koyarwa ya kawo shi garin Lafiya da amaryarsa. Ya kafa doguwar gora a bayan ɗaki, ya ɗaura mata eriya mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, don Mama ta riƙa jin shirin gaisuwa da harshen Tibi daga wata tasha a Makurdi. Ta wannan shirin ya nemi aurenta. Bai kuma daina ba: duk shekara sai ya aika kati, a karanta, "zuwa ga Ngodoo." Ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba, tana tsince shinkafa tana murmushi.

Gobe Asabar shekararsa guda da rasuwa. Mama da ƙafarta ta je Makurdi ta kai saƙon tunawa da shi, karo na farko da ita ce mai aikawa. Sau ɗaya za a karanta, ƙarfe huɗu na yamma. Tun ranar jana'iza ba ta kunna rediyon ba sai Larabar nan. Tashoshin gari suka fito tar, Makurdi kuwa sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Terhide ya ce mata ai a waya ma ana kama tashar. Ta dube shi ta ce, "Ba a waya ya kira sunana ba." Washegari, muna kasuwa ni da ita, ya ɗauko sukudirebansa. Da muka dawo, ko tashoshin garin ma sun yi shiru.

Baba Kalilu tsoho ne siriri, shagonsa a bayan tsohuwar kasuwa, cike da gawarwakin rediyo har rufi. Shekara talatin shi kaɗai ke taɓa na'urar Babanmu. Ya warware zanin, ya shafa fuskar ƙarfen da tafin hannu.

"Kayan Ticha," ya ce. "Sannu, Erdoo. Yaya Maman naku?"

Ya cire murfin, ya sunkuya. Ya daɗe. Sannan ya zare tabarau ya ajiye.

"Wa ya shiga nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Terhide, har da gyara tsayuwa. "Duk notunan ciki a kwance na same su. Goma sha ɗaya. Na ɗaure su tam. Akwai wani datti da ya daskare a kansu, shi ma na kankare."

"Datti."

"Eh, Baba."

"Kakin zuma ne, ɗan nan. Waɗanda suka ƙera shi suka ɗiga, don kada ko girgizar mota ta motsa su. Shekara arba'in ba su gusa ba, sai da Allah ya kawo ka." Ya nuna wasu 'yan gwangwanaye a jere. "Waɗannan ba don riƙe komai aka sa su ba. Kunnuwansa ne. Kowanne an tsayar da shi daidai inda zai ji. Rabin juyi, ya kurmance. Juyi nawa ka yi?"

"Sai da suka tsaya."

"Sai da suka tsaya." Baba Kalilu ya juyo gare ni kamar mai neman shaida. "'Yata, kin ji? Kai da kake bakanike, notin iska na kafireton babur haka kake murɗe shi har ƙarshe?"

Terhide ya sunkuyar da kai. Ni kuwa abin da na haɗiye tun jiya ya taso.

"Faɗa masa, Baba. Mutumin da ko kaset bai taɓa sakawa ba. Babanmu yana da rai ko ƙurar kan rediyon ba ka gogewa, ka ce kayan tsofaffi ne, yau kai ne injiniya? Duk abin da ya yi shiru a duniya babur ne a wurinka? Wannan fa muryar gidanmu ce ka shaƙe da hannunka, Broda."

"Kuka na ga Mama tana yi," ya ce a hankali. "Me kike so in yi, in zauna?"

"Da ka zauna."

Baba Kalilu ya ɗaga hannu. Ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani baƙin abu kamar guntun gawayi, ya tsage gida biyu. "Wannan, ƙarfen sukudireba ne ya fasa shi. Ba a sa musu ƙarfe." Ya ɗauko tsinken gora, ya fara fere bakinsa da reza. "Zan duba cikin matattun nan ko akwai ɗan'uwansa. In babu, sai haƙuri. Amma ku tsaya. Kafin wannan aika-aikar, kun ce tashoshin gari na fitowa?"

"Tar," na ce.

"To ba abin da ya sami rediyon tun farko. Tasha mai nisa eriya ke ɗauko ta. Ticha kudu ya fuskantar da ita, ni na riƙe masa tsani. Wa ya taɓa gorar?"

Terhide ya ce lokacin zaman makoki an sauke ta don a kafa rumfuna, daga baya aka mayar. Bai ƙara komai ba. Bai ko kalle ni ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Domin na tuna sarai. Shi ya ɗaga gorar, ni na tsaya a tsakar gida ina ba da umarni. Na ce a juya ƙashin kifin ya kalli titi, ya fi kyan gani, masu zuwa gaisuwa su san gidan mai ilimi ne. Titi kuwa yamma yake.

Na ce a raina ai juya gora ba ɗaya yake da fasa kunne ba. Har yanzu ma haka nake gani.

Aka kira sallar Juma'a, Baba Kalilu ya kore mu ya rufe shago. Da safen Asabar muka tarar ya samo baƙin abin a cikin wani rediyo da ɓeraye suka yi wa gida. Ya haɗa na Babanmu da 'yar sifikarsa, yana juya tsinke kamar mai cire ƙaya a idon yaro, kansa a karkace. Juyi kaɗan, ya saurara, ya koma na gaba, ya dawo na baya. Duk notin da ya taɓa sai ya yi tsaki ya ce, "Tam." Wajen azahar wata tashar gari ta yi tari, ta fara magana.

"Na kusa ke nan," ya ce. "Na nesa sai a gida, a kan eriyarsa."

Terhide ya ɗauki Baba Kalilu a babur, ni na bi su a keke napep da rediyon a cinya. Uku da rabi muka isa. Mama ta riga ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai ratsin baƙi da fari, ta zauna a kujerar da ke fuskantar sifikun. Ta gaishe da Baba Kalilu, ba ta tambayi kowa komai ba.

A bayan ɗaki muka tarar wayar da ta ɗaure gorar da bango ta yi tsatsa. Terhide na taɓa ta ta karye, gorar ta yi luu za ta faɗi. Ya rungume ta.

"Ba lokacin ɗauri," Baba Kalilu ya faɗa ta taga. "Riƙe ta da hannu. Erdoo, kama masa, iska na kaɗawa. Ku juya kudu."

"Baba, ni ciki zan zauna. Ina son in ji."

"Ke kika juya ta," in ji Terhide ƙasa-ƙasa. "Zo ki mayar."

Ashe ya tuna. Na kama gorar ina hararar sa.

"Kaɗan kuma. Kun wuce. Ku dawo. Ɗan nan, ba sitiyari ba ne, a hankali."

Shuuu ɗin ya cika ɗakin. Can ƙarƙashinsa sai ga kiɗa, siriri kamar daga cikin rijiya. Muna hango ƙeyar Baba Kalilu a sunkuye, tsinkensa a cikin akwatin. Kiɗan ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Nan. Ko numfashi kada ku yi."

Rana ta dake mu. Aka gaishe da wani a Gboko, aka gaishe da masu sabon jariri, aka sa waƙa mai tsawo har na ji kamar in yi ihu. Tururuwa ta hau ƙafar Terhide, ya cije leɓe bai motsa ba.

"Sha ɗaya," na raɗa masa. "Ko ɗaya ba ka bari ba."

"Yamma," ya ce. "Don ta yi kyau."

Sai muryar mace ta fito, da harshenmu, iska na yanke ta: "…daga Shabu, daga Ngodoo, zuwa ga mijinta Aloysius…" Sauran bai iso gare mu ba, bango ya tare. Shekara guda ina jiran in ji abin da Mama za ta ce masa, ga ni a bayan ɗaki rungume da gora, fuskata a hammatar wanda ya jawo. Na yi kuka, rabi na Babanmu, rabi na takaici.

Da aka sa wani kiɗan, Mama ta leƙo ta taga, idanunta jajir, fuskarta a sake.

"Kun ji?"

"Farkon kawai," na ce. "Me kika ce masa?"

"Ba ku na aika wa ba," ta ce. "Kada ku saki, shirin bai ƙare ba."