Turmin Larai a Gaban Joji

Al'amarin ya fara ne da kakar shekarar 1921, lokacin da aka ƙara wa Joji, Baturen mulki na Gumel, girma. Wani hakimi a yankin Sule Tankarkar ya kira ɗan saƙonsa Cindo, ya ce: "Ranar Alhamis za ka je ka yi masa murna da Turanci. In ka kunyata ni, ka tuɓe rigar aiki."

Cindo ya nemi wani akawu, ya ba shi kalma guda mai gaɓa biyar: kan-gra-cu-le-shan. "Ta huɗun ake dannawa," in ji akawun. "In ka danna wata, ba zai gane ba."

Kwana uku Cindo yana fama. In ya kama kai, wutsiya ta kuɓuce. Matarsa Larai, wadda ke lugude da ƙanwarta Kyauta a turmi ɗaya, ta gaji da saurare.

"Malam, wannan ai tsaba ce, ba a haɗiye ta ɗungum. Bi taɓarenmu."

Kowane bugu ya ɗauki gaɓa ɗaya. A na huɗu Larai takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta sauke da ƙarfi. Cikin ikon Allah kalmar ta zauna masa daram.

Ranar Laraba ya gwada ta a gona, inda babu turmi. Bakinsa ya ƙi. Ya buga ƙafa, ya bugi kututture, duk a banza. Washegari aka ɗora turmin a kan jaki, Larai da Kyauta na biye.

"Ina za ku da turmi?" in ji mai gadin ofis.

"Kayan aiki ne," in ji Cindo.

Larai ta ce ita ba ta bugun turmi wayam, saboda haka aka zuba gero. Joji ya fito, mata suka yi bisimilla suka kama. Kalmar ta fito tsaf, dusa na tashi. Joji ya yi dariya har da riƙe ƙugu, ya ce a shaida wa hakimi ya ji daɗi ƙwarai. Sannan ya furta wata doguwar godiya da Turanci, ya ce Cindo ya kai wa hakimi ita da bakinsa.

Cindo ya ƙirga a yatsunsa. Gaɓa bakwai ce.

"Malam, hannuna ya sage," in ji Larai.

Cindo ya shafa rigarsa ta aiki, ya yi hamdala. Ya yanke shawarar zai sayi taɓarya ta uku a kasuwar Maigatari, shi ma ya sa hannu a dakan.