Mai Masaukin Cha'ibu

Ni Ummaru, yunwa ta zo Matameye sau da dama, ta tafi ta bar ni tsaye. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma daga Kance har Yauri babu fataken da ba su san zaurena ba. A gidana ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya ƙoshi ya huta. Haka na gada.

Sai aka fito da dokar tsaro: duk mai masauki ya sanar da hukuma baƙonsa. A bakin kasuwa aka fara yi mini shaƙiyanci.

"Baba Ummaru, tsoron kaki zai hana ka zuwa!"

Ni da tsoro? Na shuri takalmi, na riga kowa isa ofishin hukuma. A ranar baƙona Cha'ibu ne, mutumin Tsauni, ya dawo daga cin rani a Kano. Da na ga masu kaki sun ba ni kujera, sai baki ya buɗe. Na ce baƙina ba ƙananan mutane ba ne, wannan ma babu hanyar daji a kan iyaka da bai sani ba. Yabo nake yi, wallahi.

Cha'ibu na tsakiyar shan furata suka zo suka tafi da shi.

Na koma na ce ni zan tsaya masa. Suka ce wannan doka ba ta san beli ba, sai bincike ya ƙare. Na sami Malam Bashir, wanda ya taɓa aikin kotu, na ce, "Ba alƙali ke ɗaure mutum ba?"

Ya ce, "Da can, Baba. Babban kundin ƙasa ya ce sai an kai mutum gaban alƙali. Yanzu wa zai buɗe shi?"

Sati na zagayowa, matarsa Najaha ta iso da goyo. Ta durƙusa a zaurena.

"Baba, an ce kai kaɗai ke ta kai da komo a kansa. Allah ya saka."

Na ce amin. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma cikin gida.

Da la'asar ɗan aiken hukuma ya leƙo. "Baba, an ce ka yi baƙuwa?"

Na ce, "'Yata ce. Je ka."

Har yau tana nan, kullum ita ke dafa abincin da nake kai wa mijinta. Bai fito ba. Idan na miƙa kwanon, godiya yake yi mini.