Kakar da Babu Dawa

Wana Murtala ya samu gurbin karatu a ƙasar Turawa, abin da ya rage kawai shi ne Baffa ya ce masa je ka. Da yake wayo ya yi masa yawa, sai ya sayo wani zanen hoton ƙasar a Kano, ya kawo shi har gidanmu a Fassi. Duwatsu ne masu farin kai, da bishiyoyi jajaye. Wai Baffa ya ga kyan ƙasar, zuciyarsa ta yi taushi.

Baffa ya ƙura wa zanen ido, sannan ya ce, "Gobara aka yi?"

"A'a, Baffa, lokacin kaka ne. Haka ganyensu yake yi."

Nan Murtala ya daɓa wa cikinsa wuƙa. Ka ce wa mai noma da kiwo kaka, sannan ka nuna masa fili babu kara ko ɗaya!

"Kaka? Ina dawar? Ina rumbun? Ko akuya ban gani ba."

Aka kira Malam Nata'ala mai makarantar allo, wanda tafiyarsa mafi nisa ita ce Zariya, amma babu ƙasar da bai sani ba. Ya gyara tabarau, ya ce farin da ke kan dutsen kanwa ce, bishiyoyin kuwa fari ne ya ƙone su. Murtala ya ce ƙanƙara ce. Malam ya ce to, ga fari ga ƙanƙara, Allah Ya kyauta.

Ni dai ina bakin ƙofa ina cin dariya, har na ga idon Murtala ya kawo ruwa. Sai tausayinsa ya kama ni.

Baffa ya sake duban zanen. Can ya ce, "Ni ba yunwar ce ta dame ni ba. Duk faɗin wurin nan babu mutum ko ɗaya. In ka kwanta ciwo, wa zai ce maka sannu?"



Ranar tafiya Baffa ya sa aka ɗaure masa buhun gero, tunda mutanen can kakarsu ta ganye ce. Zanen da ya ce ko kyauta ba ya so kuwa, a ɗakinsa ya rataye shi. Ya kira Murtala, ya ɗora yatsa a gindin wata bishiya da ke gaba.

"In ka je, ka riƙa zama a nan, inda zan gan ka."