Kiran Sallar Marigayi a Bakin Tafki

Malam Dodo ladan ya rasu ya bar wa 'yarsa Raudatu fili a bakin tafkin Mirriya. Duk ƙarshen damina malam-buɗe-littafi na sauka nan daga ƙetaren hamada, su yi ƙwai a ciyawar, su wuce. Uban bai taɓa sa garma a wurin ba. Da Turawa masu wani firoje, wato shirin tallafi, suka nemi ɗaura makirfo a gawon filin, don mutanen duniya su riƙa jin kukan tsuntsaye kai tsaye su tallafa wa kare ƙwarin, Raudatu ta yarda, da sharaɗin kada a taɓa ciyawa. Ta koma gidan aurenta a Yamai, aka bar ɗan baffanta Sha'ibu gadi.

Sha'ibu mutumin banza ne. Ya lura malam-buɗe-littafi ba ya kuka, don haka makirfo ba zai kai ƙara ba. Ya nome ciyawar, ya dasa shu, wato kabeji, da salati, ya bi su da feshin magani. Ƙwarin suka zube kamar busasshen ganye. Tsuntsaye suka ƙaura. Sai ya rataye tsohuwar salula gindin makirfon, tana maimaita kukan tsuntsayen da ya ɗauka a wurin bara.

Wata safiya Raudatu ta kunna sautin makirfon a wayarta don ta ji gida. Cikin kukan kurciyoyi ta ji kiran salla, da muryar ubanta. Ta saki tsintsiya ta zauna. Can kiran ya sake zagayowa, da tarin nan nasa.

Ta hau mota zuwa Mirriya. Ta tarar da Sha'ibu yana ban-ruwa, wurin na warin magani.

"Yaya Sha'ibu, Baba ya dawo ne?"

"Haba Raudatu, wace irin magana! Sannu da hanya."

"Na ji shi yana kiran azahar da hantsi."

Ya dubi gawon, ya yi 'yar dariya, ko kunya babu. "Yo Turawan me suka sani? Daɗin kunne suke so, suna samu. Ke ga shu, ɗebi ki kai wa yara."

Ba ta ɗiba ba. Ta ciro salular ta miƙa masa, ta ce ya kwashe shukarsa kafin Juma'a.

"In kin cire, me za su ji?"

"Abin da ka bari."

Tun ranar, duk wanda ya kunna, iska kawai yake ji, da ƙuda jefi-jefi.