Lemo da Fitila a Ɗakin Baba

Kwana uku da zuwanta gida, Baba bai kira ta da komai ba sai "baiwar Allah". Ta kawo masa shayi, "Na gode, baiwar Allah." Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa, wanda ke riƙe sunan kowane ɗalibi har da na ubansa, yau ga autarsa a gabansa yana yi mata ladabin baƙi. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ga shi gobe da safe za ta koma bakin aiki, sai kuma baɗi.

"Ki daina damun kanki," in ji Yaya, wanda ke jinyarsa. "Ni jiya ya ɗauka mai gyaran famfo ne ni. Har ya nuna mini inda yake yoyo."

"Ka gyara?"

"Yaya zan yi? Na gyara mana."

Da la'asar tana share bayan kabad ta ci karo da tsohuwar fitilarsa ta tebur, mai lanƙwasasshen wuya. Da ita yake koya musu yadda wata ke canjawa, suna yara. Sai ya rufe tagogi, ya ce fitila ce rana, kanka ne duniya, lemon da ke hannunka kuma wata. Ka miƙa hannu ka juya a hankali. Tana 'yar shekara tara ta kafe cewa inuwar duniya ce ke gutsure wata har ya zama siriri. Mako guda suna fafatawa, daga nan ya raɗa mata suna Sarkin Musu. In wata ya cika kuwa, bakin teku yake kai ta, don a lokacin rana da wata kan yi layi ɗaya su haɗa ƙarfi: ruwa ya cika fal, ya kuma janye can nesa. Su yi ta tafiya a jiƙaƙƙen yashi, su dawo da takalma sharkaf, marigayiya Mama ta balbale su da faɗa.

Ta goge fitilar, ta saki labule, ta kunna. Baba na zaune a kujerarsa yana kallo kamar mai jiran mota. Ta ɗauki lemo ta soma juyawa, ita da furfurarta, Yaya na bakin ƙofa yana danne dariya.

"To, yara," ta ce da muryar malamai, "kun ga wata ya zama siriri? Inuwar duniya ce ta rufe shi."

Baba ya ci gaba da kallo. Ta sake faɗa, da ƙarfi kaɗan.

"Inuwar wa?" in ji Baba.

"Ta duniya, Malam."

"Tana ina inuwar? Fitila na gabanki, lemo na gabanki, inuwarki na baya tana hutawa." Ya miƙe zaune, ya ɗaga yatsa. "Rabinsa kullum a haske yake. Ke ce ba kya ganin rabin duka daga inda kike tsaye."

"Ni dai ban yarda ba."

Ya daɗe yana duban fuskarta a hasken fitilar. Sannan ya girgiza kai, gajiyar nan da yake yi da musunta a da ta dawo masa.

"Har yanzu, Sarkin Musu?"

Lemon ya kuɓuce mata, ya gangara ƙarƙashin gado. Yaya ya juya ya fuskanci bango.

"Yau nawa ga wata?" Baba ya tambaya.

"Sha huɗu, Baba."

"To ruwa zai janye sosai." Ya rage murya, ya leƙa wajen ƙofa. "Ɗauko takalmanki a hankali, kada uwarki ta ji."

Ta san ko tsakar gida ba ya iya takawa. Ta fita, ta ɗauko nata, ta ɗauko nasa.