Kwatar Wahab da Izinin Maƙwabta

Duk damina sai ruwa ya cika ɗan lambun ganyen ayoyon Wahab a unguwar Maamobi, ya zarce ɗaki. Matarsa Ruhaina ta rantse in katifa ta sake jiƙewa, unguwar Madina za ta koma, gidan uwarta.

Wahab ya ɗauko shebur, sai tunani ya tsayar da shi: halal ne mutum ya tura wa maƙwabci ruwa ba izini? Ya tambayi maƙwabcinsa Braimah, wanda gidansa ke gangare. Braimah ya ce, "Kuskura ka gani!"

Wahab ya haura wurin maƙwabciyarsa Hajiya Azara mai waakye, wato shinkafa da wake, can kan tudu. Ta ƙare masa kallo, ta ce, "Haƙa abinka, ɗana. Na yafe duniya da lahira."

Ya haƙa kwata mai zurfi har tsakar gidanta, zuciyarsa fes.

Da aka tafka ruwa, na gidan Hajiya kaf ya gangaro ta sabuwar kwatar. Wahab na tsaye ruwa har gwiwa, katifa a ka, Ruhaina na ɗaure kayanta, sai Hajiya ta leƙo ta katanga: "Allah ya yi maka albarka, ɗana! Gidana bai taɓa bushewa haka ba."