Littafin Baba a Ƙunshin Gyaɗa

Hannunta ya taɓa gindin kwalin tun kafin ta yi zato. Ta sake zura shi ta ɗaya gefen, ta laluba, ta ɗago takardun da suka rage ta auna su a hannu. Kwalin da aka shigo da shi sito cike har baki, yanzu da ƙyar ya wuce rabi.

Daga tsakar gida mijinta yana ɗaure takalmi yana ƙara jaddada mata. Ta kakkaɓe kwalin littafin Baba da kyau, ta kai ɗakinsa kafin ta fita. Tsohuwar ɗalibar Baba ce ta kira, wadda yanzu take aiki a kamfanin buga littattafai. Da yamma za ta zo ta ɗauka. Ya ce wanda ke kusa da buhun gawayi, kada ta ɗauko na takardun jarrabawa.

Ta juya ta dubi kwalin jarrabawar. Yana can lungu, a ɗaure da igiyarsa, ƙura ta kwanta a kai. Ba a taɓa buɗe shi ba.

Tun farkon damina, da ɗakin Baba ya fara yoyo, aka kwaso kwalayen nan biyu aka kawo sito. Baba, mahaifin mijinta, tsohon malamin makaranta ne. Shi da kansa ya ce mata ta riƙa ɗibar tsofaffin takardun jarrabawa tana ƙunsa gyaɗar da take soyawa ta kai kasuwa, tunda ba su da sauran amfani. Ita kuwa kullum da safe, cikin sauri, kwalin da ya fi kusa da ƙofa take zura wa hannu.

Abin da ya fi ci mata rai, ta lura. Tun makon farko ta ga babu jan biro a jikin takardun, babu rubutun yara, sai baƙaƙen tafireta a jere. Zuciyarta ta ɗan tsaya a kai. Amma takardar tana da kauri, ba ta yagewa, ba ta saurin shan mai, masu saye har yabawa suke. Sai ta ƙi tambaya.

Ta ɗauki kwalin ta kai ɗakin Baba. Ya riga ya sa rigarsa ta fita tun da sassafe, yana zaune a kan kujera, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Idanunsa sun daɗe da yin hazo, haske da duhu kawai yake bambantawa. Da ya ji saukar kwalin a ƙasa sai ya yi murmushi.

"'Yata, gara ba ta taɓa shi ba ko?"

"Ba ta taɓa ba, Baba."

Ya yi hamdala. Ya ce shekarun ƙuruciyarsa duk suna cikin kwalin nan. Duk hutun makaranta a kan keke ya ƙare su, ƙauye zuwa ƙauye, yana zama gaban tsofaffi suna gaya masa yadda kakanninsu suka taso daga bayan duwatsu, waɗanda suka mutu a hanya, da waɗanda suka kafa gari. Duk waɗanda suka ba shi labarin sun rasu. Ya ce baƙi sun rubuta nasu a kanmu, mu ma a ji namu daga bakinmu. Ta sha jin wannan magana tana shara ko tana tsince gyaɗa, ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba sai yau.

Ta ɗauki farantinta ta fita kamar kullum, don idan ta zauna za a tambaye ta dalili. Ko takarda ɗaya ba ta ɗauka ba.

Wurin mai shayin bakin tasha ta fara zuwa, shi ne yake sayen ƙunshi da yawa. Da ta tambaye shi takardun, sai ya nuna mata murhu da cokalinsa. Ya ce ai takardunta sun fi na kowa kama wuta, da su yake hura gawayi kowace safiya. Ya tambaya ko wani abu ne. Ta ce babu komai.

'Yan dako kuwa dariya suka yi mata. Wani ya ce yau Mai Gyaɗa ta zo karɓar kwanonta, gobe kuma za ta zo karɓar ɓawon. Wani ya ce ta tambayi akuyar mai nama, ita ce ta fi kowa ilimi a tashar nan. Ta sunkuyar da kai ta wuce. Ba ta ji haushinsu ba, ita ce ta miƙa musu da hannunta.

A bakin kwata ta hango guda ɗaya ta maƙale a jikin dutse. Ta ajiye faranti ta ɗauko ta, ta shimfiɗa a kan cinya. Ruwa ya cinye rabin rubutun. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ta bi layin da yatsa a hankali. Wata tsohuwa ce take ba da labarin shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. A ƙasa Baba ya rubuta cewa tsohuwar ta yi kuka a nan, sai da suka dakata. Ta ninke takardar ta sa a cikin zaninta. Wata mata ta tsaya za ta sayi gyaɗa, ta zuba mata a tafin hannu, ta manta ba ta karɓi kuɗi ba.

Rana ta take sosai lokacin da ta isa layin teloli. Dogo, telan da ke shagon ƙarshe, kullum yakan sayi ƙunshi biyu. Yana ganinta ya tsayar da keken ɗinki. Ya ce dama ita suke jira, shi da mai askin da ke maƙwabtaka da shi. Da ya ga babu ƙunshi a farantin sai fuskarsa ta canza.

"Ina takardun yau?"

Ta ce takardun ne ma suka kawo ta. Ko akwai waɗanda bai yar ba?

Dogo ya miƙa hannu bayan madubi ya zaro wani dami, an soke shi da babbar allura an ɗinke gefe ɗaya da baƙin zare. Duk sun yi shara-shara da mai. Ya ce tun ranar da ya buɗe wani ƙunshi ya ga ana maganar mutanen da suka bar garinsu da ƙafa, ya daina yarwa. Har na abokan ciniki yake karɓa idan sun gama ci. Idan aiki ya lafa yakan karanta wa mutanen benci da ƙarfi. Matsalar ita ce ba ta kawo su a jere, yau a ba su mutuwar mutum, jibi a ba su haihuwarsa.

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Ya ce shi abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. Akwai matar maƙerin nan da mijinta ya mutu a hanya, ta zuba garwashin maƙerarsa a tukunya ta ɗora a ka, tana ciyar da shi da itace har suka iso bakin kogi. Ta shiga ruwa, ya kai mata ƙirji, sai takarda ta ƙare. Shi ya ce wutar ta mutu, Dogo ya ce ta haye. Sun yi musu har sun kwana biyu ba sa gaisawa.

"Wanda ya rubuta yana da rai?" in ji Dogo.

"Yana da rai."

"To don Allah ki tambayar mana shi. Wutar ta haye ko ba ta haye ba?"

Ta karɓi damin da hannu biyu. Ko kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ɗiba bai kai ba. Dogo ya ce aro ne fa, ba kyauta ba. Ta ɗauki farantinta ta nufi tasha.

A cikin motar komawa gida ta zauna a kujerar baya, faranti a kan cinya, damin a ƙarƙashin mayafi. Wani tunani ya zo mata, ta kore shi, ya dawo. Baba ba ya gani. Mijinta bai taɓa buɗe kwalin ba. Idan ta yi shiru, wa zai ce ita ce? Za a ce an yi ta kwashe-kwashe lokacin yoyo, ko ɓera, ko tsufa. Ta tuna yadda Baba yake tare mata faɗa idan ɗansa ya ɗaga murya, da yadda yake ce wa baƙi ita ba suruka ba ce, 'ya ce. Idan ta faɗa, wataƙila daga yau ba zai sake kiranta haka ba. Har ta sauka ba ta yanke shawara ba. Ta tura damin cikin sito, bayan buhun gawayi, sannan ta wanke hannu da sabulu har sau biyu.

Baƙuwar ta riga ta iso. Mace ce mai tabarau, ta cire takalmi ta zauna a kan tabarma a gaban tsohon malaminta, takardun a baje a gabanta. Mijin Mai Gyaɗa ma ya dawo da wuri, yana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa na gareji. Ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma gefe ta durƙusa.

Baƙuwar tana magana a hankali, cikin ladabi. Ta ce abin da ke nan yana da kyau ƙwarai, amma littafin daga tsakiya ya fara. Babu tasowar mutanen, babu tafiyar, sai ga su kawai sun riga sun kafa gari. Kamfani ba zai karɓi rabin littafi ba. Ko akwai wani kwalin?

Baba ya ce babu. Ya miƙa hannu yana laluben kwalin, ya zura har ƙasa, kamar yadda ta yi da safe.

Ɗansa ya ce, "Baba, ko dai ka ba wani aro ka manta? Kwanan nan ka san kana yawan mantuwa. Ran nan ma maganinka a cikin takalmi muka same shi."

Baba ya buɗe baki zai musa, sai ya fasa. Ya daɗe yana kallon inda ba ya gani. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai. Ya ce wataƙila shi ne. Akwai ranar da ya ƙone wasu tsofaffin takardu a bayan gida, yana zaton marasa amfani ne. Ya ba baƙuwar haƙuri, ya ce ya sa ta yi doguwar tafiya a banza saboda sakarcin tsoho.

Mai Gyaɗa ta tashi. Ta shiga sito ta dawo. Ta durƙusa a gabansa, ta ɗora damin a kan cinyarsa, ta zaro ta bakin kwatar daga zaninta ta ɗora a sama.

Ya shafa. Ya ji ɗinkin zaren, ya ji santsin mai. Ya ɗaga zuwa hancinsa.

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ce."

Ta faɗa duka, idonta a kan tabarma. Kwalin da ya fi kusa da ƙofa, murhun mai shayi, kwata. Ta faɗi har da cewa ta ga babu jan biro, ta ƙi tambaya. Mijinta ya taso da faɗa, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Baƙuwar ta karɓi damin tana buɗawa a hankali don kada ya yage. Ta ce za a iya karanta waɗannan, amma giɓin da ke tsakani yana da yawa. Sai dai idan Malam zai iya tuna sauran ya faɗa a rubuta.

Baba ya ce wasu zai tuna. Sunayen ƙauyuka da na mutanen da suka ba shi labari kuwa, da yawa sun tafi ke nan. Bai juyo wajenta ba da yake faɗin haka.

Can ya tambayi wanda ya yi ɗinkin. Ta ce wani tela ne a kasuwa. Ta gaya masa yadda yake karanta wa mutanen benci, da saƙon da suka ba ta. Ta ji kunyar faɗa a irin wannan lokaci, amma ta faɗa: suna tambaya ko wutar matar maƙeri ta haye kogi.

Baƙuwar ta duba damin, ta duba kwalin. Ta ce shafin da ke ɗauke da ci gaban labarin ba ya nan.

Baba ya ce tun da ya buga shafin nan a tafireta, kwalin yake cikin gidan nan, ɗansa ya girma a gefensa, malamai abokan aikinsa sun sha shayi a kansa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sami matar nan.

"Telan yana rufe shago da wuri?"

"Sai rana ta faɗi, Baba."

Ya dogara sandarsa ya gyara zama. Ya ce wa baƙuwar ta ɗauko abin rubutunta, in za ta iya zama a benci. Ɗansa ya ce ya bari sai gobe, bai kula shi ba.

"Ke, miƙo min takalmina."

Bai ce 'yata ba. Ta jawo takalman daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe su da gefen zaninta, ta sa masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe sai ya miƙo hannu yana neman kafaɗar da zai dafa. Ɗansa ya matso. Baba ya ce ai ɗan nasa bai san shagon ba. Ta sunkuyar da kai ta matsa kusa, ya dafa, suka nufi ƙofa.